An Ce a Kankare Mini Ƙashin Kafaɗa: In Yarda Ko In Dakata?

Baban Amira:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san abin, ko ta hanyar karatu ko ta hanyar ɗanɗana shi a jikinsu. Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, shekaruna 52, kuma yau wata takwas ke nan kafaɗata ta dama ta hana ni sakat. Ban faɗi ba, ban yi haɗari ba, ban ɗauki wani kaya mai nauyi ba, ciwon ya shigo ne sannu a hankali. Idan hannun yana ƙasa lafiyata ƙalau, amma da zarar na ɗaga shi ya zo daidai kafaɗa sai in ji kamar an soka mini tsinke, idan kuma na cije na wuce wurin har ya miƙe sama sai zafin ya lafa. A aji na daina rubutu a saman allo, daga tsakiya nake farawa, har 'yan kujerun baya sukan miƙe tsaye kafin su ga abin da na rubuta. Ranar Juma'a sai uwargida ta taimaka mini nake iya saka babbar riga, da dare kuwa ba na iya kwanciya ta gefen dama, wanda a kansa na saba barci tun ina yaro.

Na sha magunguna, an kuma yi mini allura sau ɗaya a cikin kafaɗar, na sami sauƙin kusan mako shida sannan ciwon ya dawo. Da aka ɗauki hoton MRI likita ya ce jijiyoyin ba su tsage ba, sai dai akwai kumburi, kuma wani ɗan ƙashi ya tsiro a ƙarƙashin rufin kafaɗar yana gugar jijiya. Shawararsa ita ce a shiga da kyamara a kankare ƙashin domin wurin ya buɗe. Kuɗin da aka faɗa mini ba zan iya haɗa su ba sai na sayar da filin da nake tanadi don gini. Shin akwai wanda aka yi wa wannan aiki a cikinku? Yaya jinyar take, kuma wata nawa mutum yake ɗauka kafin ya koma bakin aikinsa?

Maman Sadiq:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ce. An yi mini wannan aikin shekara uku da suka wuce, a kafaɗar hagu, saboda haka bari in ba ka labarin yadda na gan shi. Da safe aka shiga da ni, da yamma aka sallame ni. An yi mini allurar barci, sannan aka ƙara wata a gefen wuya wadda ta kashe hannun gaba ɗaya, na farka na gan shi rataye a ƙirjina kamar na aro, ko yatsa ba na iya motsawa. Ƙofofi uku ƙanana aka yi, kowace ba ta kai faɗin farce ba. Kafaɗar ta kumbura sosai saboda ruwan da suke turawa ciki lokacin aikin, kuma a daren farko ruwan nan ya riƙa tsattsafowa ta bandeji har ya jiƙa matashi, abin da ya tayar mini da hankali sai da aka gaya mini haka yake yi.

Kuskuren da na yi, wanda ba na so ka maimaita, shi ne na ƙi shan maganin zafin da aka ba ni tun da yamma, don ina ganin ba abin da ke damuna. Wajen ƙarfe uku na dare allurar wuyan ta saki, na ji zafin da ban taɓa jin irinsa ba in ban da naƙuda. Mako biyun farko a kishingiɗe na yi barci, an jera mini matasai uku a baya da ɗaya a ƙarƙashin gwiwar hannu. Maratayin hannun kwana uku kawai na yi da shi aka ce in ajiye in fara motsa hannun. Da yake na hagu ne, tsarki ya zama mini jidali, ɗaurin ɗankwali kuwa sai da 'yata ta yi mini har kusan wata guda. A zaune na yi salla kwanaki goman farko domin ba na iya dogara hannun a ƙasa wajen sujada. An cire zare bayan kwana goma sha biyu.

Gaskiyar magana, sai da na shiga wata na huɗu sannan na fara cewa gara da aka yi, kuma sai da na kusa shekara kafin in manta da kafaɗar baki ɗaya. Amma yau ina ɗaga jikokina, ina sauke tukunya daga saman kanta. Ni dai shawarata, idan kana da hali ka yi, domin lafiya ta fi fili.

Kawu na Maraɗi:

Ɗana, kafin ka kai jikinka ga wuƙa, me zai hana ka gwada na gida? A nan wurinmu idan kafaɗa ta riƙe wa mutum wanzami ake kira ya yi masa ƙaho a allon kafaɗa ya fitar da mataccen jini, sannan a samu mai ɗori ya ja hannun ya daidaita shi, a shafa man shanu da ɗumi. Na ga waɗanda suka samu sauƙi da haka, kuma ba su sayar da gona ba. Allah ya sawwaƙe.

Mai Gashin Ƙashi:

Kawu, Allah ya ƙara girma, amma a yi mini afuwa, wannan ba gocewar ƙashi ba ce balle a ja a mayar, kuma jan kafaɗar da ke da kumburi da ƙarfi yana iya ƙara mata rauni. Ni ma'aikaciyar gashin ƙashi ce, masu irin wannan ciwo kullum suna gabana, don haka bari in ɗan tsawaita.

A saman gaɓar kafaɗa akwai wani ƙashi da ya miƙo daga allon kafaɗa ya yi mata rumfa, ana kiransa akromiyon. Tsakanin wannan rumfa da kan ƙashin damtse akwai ɗan siririn lungu, ta nan ne jijiyar ɗaya daga cikin tsokoki huɗu masu riƙe gaɓar take ratsawa, tare da wata 'yar jaka mai santsi da ke hana guga. A shekarar 1972 wani likitan ƙashi na Amurka mai suna Charles Neer ya bayyana cewa ciwon yana zuwa ne daga matsewar jijiyar a ƙarƙashin rumfar, ya kuma kawo aikin rage ƙashin. A shekarun 1980 aka koma yin aikin da kyamara ta ƙananan ƙofofi, wanda Harvard Ellman ya yi fice a kansa. Bayanin yana shiga hankali ƙwarai: abu yana guga, a kankare shi, a huta. Shi ya sa aikin ya bazu, har a Ingila adadinsa ya tashi daga kimanin 2,500 a shekarar 2000 zuwa sama da 21,000 a 2010.

Sai dai an daɗe ana yin aikin kafin a gwada shi gwaji mai tsauri. Da aka tashi gwadawa a Birtaniya, ƙarƙashin jagorancin masu bincike na Jami'ar Oksfod, an ɗauki majinyata 313 a asibitoci 32 aka raba su gida uku ta hanyar ƙuri'a. Rukuni na farko an kankare musu ƙashin. Rukuni na biyu an sa su barci, an huda, an leƙa da kyamara, an rufe ba tare da an kankare komai ba, kuma ba a gaya musu wanne aka yi musu ba. Rukuni na uku ba a yi musu tiyata ba sam. Bayan wata shida aka auna su da ma'aunin lafiyar kafaɗa mai maki 48, wanda yawan maki a cikinsa yake nufin ƙarin lafiya. Waɗanda aka kankare wa sun sami 32.7, waɗanda aka leƙa kawai 34.2, waɗanda ba a taɓa ba 29.4. Mujallar likitoci ta Lancet ce ta buga sakamakon a 2018. A wannan shekarar kuma mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani gwajin daga ƙasar Finland a kan mutum 210 da aka bi har shekara biyu, nan ma kankarewar ba ta fi leƙen amfani ba. A 2019 wani kwamitin masana da BMJ ta tara ya ba da shawara mai ƙarfi cewa kada a riƙa yin wannan aiki ga masu irin wannan ciwo.

Malam, abin da ka kwatanta, wato ciwo ba tare da faɗuwa ba, jijiya ba ta tsage ba, zafi a tsakiyar ɗaga hannu, shi ne ainihin irin mutanen da aka yi waɗannan gwaje-gwaje a kansu. Kuma a cikin duk abin da ka lissafa ban ga inda ka ce an ɗora ka a kan motsa jiki na musamman ba.

Maman Sadiq:

'Yar'uwa, na karanta bayaninki sau biyu, kuma ban raina iliminki ba. Amma jiki magayi. Shekara ɗaya da rabi na yi ina fama kafin aikin, na sha magani har cikina ya fara ƙuna, bayan aikin kuma na warke. Yanzu kina nufin in ɗauka cewa abin da aka yi mini bai yi komai ba, raina ne kawai ya raya mini? Kuma wane irin likita ne zai sa mutum barci, ya huda shi, sannan ya ƙi yi masa aikin? Ni wannan ɓangaren ya fi ba ni tsoro fiye da tiyatar kanta.

Mai Gashin Ƙashi:

Hajiya, warkewarki gaskiya ce, ba wanda ya isa ya musa miki. Tambayar ita ce mene ne ya warkar da ke. Ki duba abin da ya biyo bayan aikin a bakinki: kin huta da aikin gida na makonni, wasu sun karɓe miki ɗaukar kaya, kin yi watanni kina motsa hannun bisa tsari, sannan shekara guda ta wuce. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana rage wannan ciwo ko da ba a taɓa ƙashi ba. Waɗanda aka leƙa kawai su ma sun warke kamar yadda kika warke, kuma da za a tambaye su da sun rantse cewa kankarewar ce ta yi musu magani. Mutum ɗaya ba shi da hanyar rarrabe wannan a jikinsa, domin kafaɗa ɗaya ba ta bin hanya biyu a lokaci guda, shi ya sa ake buƙatar rukunin kwatanci.

Game da tsoron da kika ji, duk wanda ya shiga gwajin an yi masa bayani tun farko cewa ƙuri'a tana iya jefa shi cikin kowane rukuni, ya amince ya sa hannu, kuma sai da kwamitin kula da haƙƙin majinyata ya yarda kafin a fara. A ganina abin da ya fi cancantar tsoro shi ne a shekara arba'in ana yi wa dubban mutane aiki ba tare da an tabbatar yana yin abin da ake zato ba.

Baban Khalifa:

Tun da an ji daga wadda abin ya yi wa kyau, bari a ji daga wanda ya sha wuya. Ni direban babbar mota ne, ina da ciwon sukari shekara goma sha ɗaya. An yi mini wannan aikin a wani asibiti mai zaman kansa da ba zan ambaci sunansa ba. Aikin kansa ba ni da ƙorafi a kansa, raunin ya warke sumul. Inda aka cuce ni shi ne sallamar: takarda guda aka miƙo mini mai zanen mutum yana lilo da hannu, aka ce in dawo bayan mako shida, ba wanda ya haɗa ni da mai gashi, ba wanda ya ce mini masu sukari sun fi kowa haɗarin sandarewar kafaɗa. Ni kuma da na ji zafi sai na ƙi motsa hannun, na bar shi a maratayi kusan wata guda ina ganin lallashinsa nake yi.

Da na koma, hannun ba ya wuce tsayin aljihun gaban riga. Ba na iya kai shi baya in zaro walat, ba na iya shafar ƙeyata a alwala da shi, juya sitiyari kuwa sai dai a mafarki. Likitan ya duba ya ce kafaɗar ta daskare. Wata goma sha huɗu na yi ban hau mota ba, yaron motata ne ya riƙa kawo mini abin cefane, Allah ya saka masa. Yanzu alhamdu lillahi na koma aiki, amma har gobe hannun bai kai ɗan'uwansa miƙewa ba.

Malam, ban ce kada ka yi ba, domin ni ba likita ba ne. Abin da na sani shi ne kuɗin tiyatar da aka faɗa maka ba su ne ƙarshen lissafi ba. Ka tambaya tun yanzu wa zai yi maka gashi, sau nawa a mako, nawa ne kowane zuwa, kuma wa zai riƙe maka aji idan abin ya ja. Idan kana da sukari ka faɗa da babbar murya.

Likitan Ƙashi:

Allah ya ƙara sauƙi, Baban Khalifa, abin da ya same ka bai kamata ya faru ba. Ni likitan ƙashi ne, na yi wannan aiki da hannuna, kuma ina yin sa yanzu ƙasa da yadda nake yi a da, saboda hujjojin da abokiyar aikina ta kawo ingantattu ne. Amma ina so in gyara wata fahimta kafin ta yi nisa, domin na san gobe wani zai ce an faɗa a zaure cewa tiyatar kafaɗa duk yaudara ce.

Kankare rumfar kafaɗa daban, ɗinke jijiyar da ta tsage daban, ko da yake ta ƙofofi iri ɗaya ake shiga, kuma sau da yawa majinyaci ba ya sanin wanne aka yi masa. Mutumin da ya faɗo daga babur ko daga tsani, ya tashi ya kasa ɗaga hannunsa sam, mai yiwuwa jijiya ce ta yanke, kuma wannan ba ya son jinkiri, domin idan aka bar ta watanni tsokar tana janyewa ta lalace har ɗinkin ya gagara. Jinyarsa ma ta fi tsawo: mako huɗu zuwa shida a maratayi, ba a yarda ya ɗaga hannun da ƙarfinsa ba sai ɗinkin ya kama. Haka nan kafaɗar da ke yawan gocewa, ko gaɓar da ta cinye, ko wadda ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, kowace da hukuncinta. Akwai kuma ciwon da ake ji a kafaɗa alhali daga wuya yake, musamman idan yana sauka har yatsu da jin kamar tafiyar kiyashi. Ciwon kafaɗar hagu da ke zuwa tare da nauyin ƙirji, gumi ko haki kuwa, wannan maganar zuciya ce, asibiti ake nufa a take.

Sai maganar hoto. Idan aka ɗauki mutanen da suka haura hamsin waɗanda ba abin da ke damun su aka yi musu MRI, za a tarar da yawa a cikinsu suna da tsiron ƙashi, kumburi, har da tsagewar jijiya, kuma suna harkokinsu lafiya. Don haka ganin ɗan ƙashi a hotonka, Malam, bai tabbatar da cewa shi ne mai laifin ba. Mai yiwuwa ya daɗe a wurin tun kafin ciwon, mai yiwuwa kuma akwai irinsa a kafaɗarka ta hagu da ba ta taɓa damun ka ba.

Ga wanda aka riga aka yi wa kankarewar, abin da muke faɗa shi ne: maratayi na 'yan kwanaki ne kawai, motsi yana farawa tun washegari, tuƙin ƙaramar mota bayan mako ɗaya zuwa biyu idan mutum yana iya juya sitiyari ba tare da ɗar-ɗar ba, aikin ofis kusan haka, aikin ƙarfi ko na ɗaga hannu sama kuwa mako shida zuwa wata uku. Cikakken sauƙi yakan ɗauki wata uku zuwa shida, wani har shekara, kamar yadda Hajiya ta faɗa. Matsala mai tsanani ba ta da yawa, kimanin mutum 6 cikin 1,000, amma idan amfanin aikin bai tabbata ba, ko wannan ɗin ma abin dubawa ne. Ban ga kafaɗarka ba, ba kuma zan soke hukuncin wanda ya taɓa ta da hannunsa daga nesa ba. Abin da zan ce shi ne ka koma ka tambaye shi ƙarara: me kankarewar za ta ba ni wanda wata uku na gashi ba zai ba ni ba, kuma me zan rasa idan na jira? Idan kana son ji daga baki na biyu, asibitocin koyarwa da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano suna da likitocin ƙashi da sashen gashi a wuri guda.

Maman Sadiq:

Likita, na gode da ka raba mana abubuwan nan biyu. Maganarka ta sa na tashi na buɗe akwati na ɗauko takardar sallamata, na ba ɗana ya karanta mini. Ashe ni kankarewa kaɗai aka yi mini, ba ɗinki. To, na ji, ba zan ƙara cewa kowa ya je ya yi ba. Amma ina nan a kan cewa wanda bai kwana yana juyi da wannan ciwo ba bai san yadda kalmar "jira" take da nauyi ba. Idan za a ce wa mutum ya dakata, a ba shi abin da zai riƙe a hannu, kada a sallame shi da haƙuri kawai.

Mai Kantin Magani:

Hajiya ta ambaci ƙunar ciki, kuma a nan nake so in sa baki, domin ni nake ganin masu jiran nan a bakin kanta. Mutum zai zo kullum ya sayi diklofenak, ya haɗa da ibuprofen, wani ma ya ƙara da haɗin da ake ƙullawa a leda wanda bai san abin da ke ciki ba, ya yi wata shida a haka. Waɗannan magunguna dangin juna ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi sai dai ya ƙara haɗarin gyambon ciki da lalacewar ƙoda, musamman ga mai hawan jini ko wanda ya manyanta, kuma abin ya fi muni idan ana sha da azumi ko cikin zafin bazara ba a shan ruwa sosai. Allurar da aka yi wa Malam kuma ta sitiroyid ce, wato maganin rage kumburi, sauƙinta na makonni ne kamar yadda ya gani, ba a son a yawaita ta a wuri ɗaya, kuma tana tayar da sukari na 'yan kwanaki ga masu ciwon. Amfaninta shi ne ta buɗe wa mutum ƙofa ya samu ya fara motsa hannun.

Baban Amira:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ba ni da sukari, amma ina da hawan jini, kuma na ji kunya da na karanta saƙon Mai Kantin Magani domin kamar ni yake kwatantawa. Gaskiya ne ba a taɓa tura ni gashi ba. An dai ce mini in riƙa motsa hannun, ni kuma na ɗauka rubutun allo da nake yi kullum ya wadatar. Malama mai gashi, wane irin motsi ake nufi, kuma yaya mutum zai gane zafin da ya kamata ya daure da wanda ya kamata ya tsaya?

Mai Gashin Ƙashi:

Rubutun allo aiki ne, Malam, yana gajiyar da jijiyar amma ba ya ƙarfafa ta. Abin da muke nufi shi ne a ɗora wa tsokokin da ke riƙe gaɓar da na allon kafaɗa nauyi kaɗan-kaɗan, ana ƙarawa mako bayan mako. Yawanci mukan fara da abin da ba ya buƙatar kayan aiki: ka tsaya a bakin ƙofa, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, ka tura bayan hannunka jikin bango ka riƙe na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da hannun ya motsa ba. Sai hawan bango da yatsu, sai ɗaga sanda da hannu biyu kana kwance, lafiyayyen yana taimakon mai ciwon. Daga nan a koma jan roba, kuma wanda bai sami ta asibiti ba, tsohon tib na keke yana yi. A ƙarshe a kai ga ɗaga gorar ruwa sama da kai, wanda shi ne abin da aikinka yake buƙata.

Ƙa'idar zafi ita ce, wanda za ka iya daurewa kana magana, kuma ya koma yadda yake kafin washegari, ba ya cutarwa. Wanda ya hana ka barci fiye da da, ko ya wuni ya kwana bai sauka ba, alama ce an yi gaggawa, sai a rage nauyi amma kada a daina. Sai ka ba abin mako goma sha biyu kafin ka yanke masa hukunci, domin makonni ukun farko mutane da yawa ba sa ganin komai, a nan ne suke watsarwa. Ba lallai ne ka riƙa zuwa asibiti kullum ba. Wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya, wanda ya fito a 2021, ya nuna cewa zama ɗaya mai kyau da mai gashi, a koya wa mutum abin da zai yi a gida, ya yi daidai da zuwa sau da yawa. Amma zaman farkon nan wajibi ne, a duba ka ido da ido, kada ka ɗauki abin da na rubuta a nan ya zama shi ne takardar maganinka. Da dare ka kwanta ta hagu ka rungumi matashi domin hannun dama ya samu abin dogara.

Kawu na Maraɗi:

To, na janye maganar ja, tun da masu abin sun ce ba gocewa ba ce. Amma ɗumin fa, 'yata? Shi ma laifi ne?

Mai Gashin Ƙashi:

Ɗumi ba laifi, Kawu. Tsumma da ruwan ɗumi na minti goma sha biyar kafin a fara motsin yana sassauta wurin, mu ma muna yi. A dai kula kada ya ƙona fata, musamman ga masu sukari da jinsu ya ragu.

Baban Amira:

Jama'a, na dawo da bayani bayan mako bakwai. Na koma wurin likitana da tambayoyin nan biyu a rubuce a bayan takardar jarrabawa. Bai ji haushi ba, ya ce jiran wata uku ba zai lalata komai a kafaɗata ba tun da jijiyar lafiya take, ya rubuta mini takardar zuwa sashen gashi, muka ajiye magana cewa zan koma ya sake duba ni idan wa'adin ya cika. Ya kuma canza mini maganin zafi saboda hawan jinin. Sau uku na je gashi, sauran a gida nake yi bayan sallar asuba da bayan isha'i, da tib ɗin keken Amira ɗaure a ƙarfen taga.

Ba zan ce na warke ba. Makonni biyun farko har na yi tunanin ciwon ƙaruwa ya yi, kuma har yanzu idan na manta na juya dama cikin barci sai na farka. Amma daren jiya sau ɗaya na tashi maimakon huɗu ko biyar, kuma a allo na hau sama da kamar tafin hannu biyu daga inda nake farawa, ɗalibai ne ma suka lura kafin ni. Babbar riga dai har yanzu sai an taimaka. Shugaban makarantarmu ya yarda an sauko mini da allon aji ɗaya ƙasa kaɗan, sauran biyun a jikin bango aka yi su da siminti, ba yadda za a yi da su. Filin yana nan ban sayar ba, dillalin ya kira ni sau biyu na ce masa ya saurare ni zuwa bayan hutun zango.

Maman Sadiq:

Ma sha Allah, Allah ya ƙarasa sauƙi. Game da rigar, Malam, ka fara zura hannun mai ciwon tukuna sannan kai ya biyo baya, wajen cirewa kuma shi ne na ƙarshe. Haka na yi wata uku, kuma ka gaya wa Maman Amira ta riƙe maka wuyan rigar ta baya kada nauyin aikin rigar ya sauka a kafaɗar.